Canza Mai Riƙon Amana: Wa Ke da Iko, Kuma Yaya Ake Yi?

A kowane gari na ƙasar Mafara da Bakura da Maradun akwai dukiyar da ke hannun mutum amma ba tasa ba ce. Akwai gonar da wani bawan Allah ya bayar don masallaci. Akwai filin makarantar Islamiyya. Akwai shanu da gonakin marayu. Akwai injin ban ruwa da kuɗin asusu na ƙungiyar manoma. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wani aka danƙa wa ya kula da shi. Wannan mutum shi ne mai riƙon amana. A takardun hukuma ana ce masa amintacce. In suna da yawa a ce amintattu.

Mai riƙon amana ɗan Adam ne. Yakan tsufa, yakan yi ciwo, yakan rasu. A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya ƙara wani dalili. Hare-haren 'yan bindiga sun tayar da mutane da yawa daga garuruwansu. Wani mai riƙo ya koma Gusau ko Sakkwato. Wani ya rasa ransa. Marayu kuma sun ƙaru.

Amanar da aka bari babu mai kula ba ta daɗewa. Gona takan shige cikin gonar maƙwabci kunya bayan kunya. Shanu su ƙare a kasuwa ran Talata. Kuɗin ƙungiya su maƙale a banki, don mai sa hannu ba ya nan. Saboda haka ya kamata kowa ya san yadda ake sauke mai riƙo a naɗa wani. Abin yana da ƙa'ida a shari'ar Musulunci. Yana kuma da ƙa'ida a dokar ƙasa.

Mutum uku ne cikin kowace amana

Na farko shi ne mai bayarwa. Shi ne ya fitar da dukiyarsa, ya faɗi abin da za a yi da ita.

Na biyu shi ne mai riƙo. Aikinsa tsare dukiyar, da gyara ta, da kai amfaninta inda aka ce.

Na uku su ne masu cin moriya. Wataƙila masallata ne, ko almajirai, ko marayu, ko 'yan ƙungiya.

Ga misali. Wani dattijo ya ba da fadamarsa. Ya ce a riƙa noma ta, abin da aka samu a gyara masallaci da shi. Ya sa wani maƙwabcinsa ya kula. Dattijon shi ne mai bayarwa. Maƙwabcin shi ne mai riƙo. Jama'ar masallaci su ne masu cin moriya.

Idan aka canza mai riƙo, mutum ɗaya kawai aka canza. Fadamar tana nan a matsayinta. Sharaɗin dattijon yana nan. Sabon mai riƙo ba shi da ikon cewa daga yau amfanin gonar ya koma wani wuri.

Yaushe ake canza mai riƙo?

Dalilan da aka fi sani guda 6 ne:

1. Idan ya rasu.
2. Idan ya ajiye aikin da kansa.
3. Idan ya gaza, saboda tsufa, ko doguwar jinya, ko taɓin hankali.
4. Idan ya ƙaura nesa, ko ya ɓata, har ba ya iya duba dukiyar.
5. Idan aka tabbatar ya ci amana, ko yana sakaci mai jawo hasara.
6. Idan an yanka masa wa'adi tun farko, wa'adin kuma ya cika.

Ƙiyayya ba dalili ba ce. Bambancin jam'iyya ba dalili ba ne. Jita-jitar bakin kasuwa ma ba ta isa ba. Wanda ya ce mai riƙo ya ci amana, sai ya kawo shaida.

Riƙon amana ba gado ba ne

Kuskuren da aka fi yi shi ne wannan. Mai riƙo ya rasu, sai babban ɗansa ya ɗauki mabuɗi ya ci gaba. Ba wanda ya naɗa shi. Jama'a su yi shiru don kunya. Bayan shekara 10 ko 20, jikoki su taso suna ganin gonar a gidansu. Su ɗauka ta kakansu ce. Ran rabon gado sai ta shiga lissafi.

Abin da mutum ya mallaka shi ake gada. Abin da aka ba shi ajiya ba a gadonsa. Kafin a raba gadon mamaci, sai an ware kayan mutane da ke hannunsa, an mayar wa masu su. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 58 ta Suratun Nisa'i, ya yi umarni a mayar da amana ga masu ita.

Ana iya naɗa ɗan mai riƙo in ya cancanta. Amma sai mai ikon naɗawa ya naɗa shi a gaban shaidu.

Akwai darasi a tarihin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda. Ya sami wata gona mai daraja a Haibara. Ya nemi shawarar Manzon Allah (SAW). Aka ba shi shawara ya tsare asalin gonar, ya yi sadaka da amfaninta. Umar ya sa sharaɗi kada a sayar da ita, kada a yi kyauta da ita, kada a gaje ta. Ya yarda mai kula ya ci daidai gwargwado. Daga baya aka rubuta takarda da shaidu. A ciki ya ambaci 'yarsa Nana Hafsa ta kula bayansa, bayanta kuma mai hankali da basira daga cikin dangi.

Abu biyu ke nan. Ya rubuta wanda zai biyo baya tun yana da rai. Ya kuma nuna cewa mace tana iya riƙon amana.

Idan amanar waƙafi ce

Waƙafi shi ne dukiyar da aka tsare don Allah, ana cin amfaninta, ba a sayar da asalinta. A littattafan Malikiyya, irin su Risala da Muhtasar, ana ce masa hubusi. Mai kula da shi kuma malamai suna kiransa naziri. Mazhabar Malikiyya ce alƙalan ƙasar Hausa ke hukunci da ita.

A wannan mazhaba, wanda ya yi waƙafi sai ya fitar da dukiyar daga hannunsa. Idan ya ce ya bayar, amma ya ci gaba da riƙe ta har ya rasu, a mafi yawan hali waƙafin ya ɓaci, dukiyar ta koma gado. Shi ya sa naɗa mai kula tun ranar farko yake da muhimmanci.

Ga yadda malaman Malikiyya suka tsara canza naziri:

1. A fara duba sharaɗin mai waƙafi. In ya faɗi wanda zai biyo baya, shi ke nan, a bi maganarsa.
2. In naziri ya rasu ko ya ajiye aiki, mai waƙafi kuma yana da rai, shi ne zai naɗa wani.
3. In mai waƙafi ya rasu, wasiyyinsa ne zai naɗa, in ya bar wasiyyi.
4. In babu wasiyyi, magana ta koma ga alƙali.
5. Mai waƙafi yana iya sauke nazirin da ya naɗa. Alƙali kuwa ba ya sauke shi sai da laifi tabbatacce.
6. Naziri ba shi da ikon yin wasiyya da aikin ga wani, sai in mai waƙafi ya ba shi wannan dama tun farko.

Nan mai karatu zai ga cewa taron dattawa a zaure ba shi kaɗai ke gama magana ba. Dattawa da liman da mai unguwa suna iya zama su zaɓi wanda suka yarda da shi. Wannan abu ne mai kyau. Amma in mai waƙafi ba ya da rai, a kai sunan gaban alƙali ya tabbatar, a karɓo takarda. Takardar nan ita ce garkuwar sabon naziri in rigima ta taso.

Jihar Zamfara tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, ofishinta yana Gusau. An kafa ta ne bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 1999. Masu kula da waƙafi suna iya neman shawara a can.

Idan dukiyar marayu ce

Wanda uba ya bar wa amanar 'ya'yansa ƙanana da dukiyarsu shi ne wasiyyi. Sai ya zama Musulmi, baligi, mai hankali, mai gaskiya, wanda zai iya aikin. Namiji ko mace duk daidai ne.

A Malikiyya, ikon kula da dukiyar yaro yana hannun ubansa. Bayan uba sai wasiyyin uba. In babu, sai alƙali ko wanda alƙali ya naɗa. Baffa, ko kawu, ko babban wa, ba ya samun wannan iko don dangantaka kawai. A karkara an saba ɗan'uwan mamaci ya ɗauki yara ya riƙe, Allah ya saka wa masu yin haka. Ciyarwa da tufatarwa ba su da matsala. Amma sayar da gonar maraya ko shanunsa babban abu ne. Abin da ya fi tsira shi ne a je gaban alƙali tukuna.

Game da canza wasiyyi, a riƙe waɗannan:

1. Mutum yana iya ƙin karɓar wasiyya, ko ya janye, muddin uban yara yana da rai.
2. In ya karɓa, uban kuma ya rasu, ba shi da damar yar da aikin haka kawai. Sai da uzuri mai ƙarfi, kuma alƙali ne zai duba.
3. Wasiyyi yana iya yin wasiyya ga wani amintacce ya ci gaba bayan rasuwarsa. A nan ya bambanta da naziri.
4. In ha'inci ya bayyana, alƙali zai sauke shi ya naɗa wani. Abin da ya ci kuma bashi ne a wuyansa.

Uwar marayu tana da bakin magana. In ta ga dukiyar 'ya'yanta tana zurarewa, tana iya kai kuka kotu. Maƙwabci ma yana iya sanar da alƙali. Yin haka ba tsegumi ba ne, ceton maraya ne.

Amanar maraya tana da ranar ƙarewa. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta koyar da cewa in yaro ya balaga, aka ga ya iya riƙe dukiya, a miƙa masa kayansa, a kuma kafa shaidu. Ayar ta nemi mai riƙo mawadaci ya kame daga dukiyar, matalauci kuma ya ci daidai gwargwado. Aya ta 10 ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu cin dukiyar marayu da zalunci.

Idan ƙungiya ce mai rajista

Ƙungiyoyin ci gaban gari da na addini da na makarantu sukan yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wadda ake kira CAC. An kafa hukumar ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 1990. A watan Agusta na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka da ta maye gurbin tsohuwar. Ita ce ake kira CAMA 2020.

Amfanin rajista shi ne ƙungiya ta zama kamar mutum a idon doka. Tana iya mallakar fili da sunanta. Tana iya kai ƙara, ana iya kai ta. Amintattu su zo su wuce, ƙungiya tana nan da dukiyarta.

Doka ta ce dole tsarin mulkin kowace ƙungiya ya bayyana yadda ake naɗa amintattu, da wa'adinsu, da yadda ake canza su. Saboda haka abin farko shi ne a ɗauko tsarin mulkin a karanta wa kowa. Sashe na 834 na dokar ya yi bayanin sauran. Ga matakan:

1. A kira babban taro na 'yan ƙungiya. A ba da sanarwa yadda tsarin mulki ya ce. Shugaba da sakatare su kaɗai ba su isa ba.
2. A yanke shawara a taron. Sakatare ya rubuta kwanan wata, da sunayen waɗanda suka halarta, da sunan wanda aka sauke da dalili, da sunan wanda aka naɗa.
3. A tura buƙata ga CAC. Yanzu ta intanet ake yi. Wanda bai iya ba ya nemi lauya ko wakilin da hukumar ta amince da shi.
4. A buga sanarwa a jaridu 2 masu fitowa kullum. Ɗaya daga ciki ta zama mai zagaya ƙasa duka.
5. A liƙa sanarwa a ofishin ƙungiya, da inda mafi yawan 'yan ƙungiya za su gani, har kwana 28.
6. A cikin kwana 28 ɗin, duk mai ƙorafi yana iya rubuta wa hukumar. In an sami ƙorafi, hukumar ce za ta duba shi ta raba gardama.
7. In babu ƙorafi, hukumar ta amince, sai ta ba da shaida a rubuce.

Hukumar takan nemi katin shaida na sabon amintacce da takardar rantsuwarsa. In tsohon ya rasu, takan nemi takardar shaidar rasuwa. In ajiye aiki ya yi, takan nemi wasiƙarsa. Sashe na 835 ya ce canjin da aka yi ba ta wannan hanya ba, banza ne. Wato ko an yi taro an yi addu'a an watse, in ba a kai CAC ba, sunan tsohon ne ke aiki a idon doka.

Doka ta hana mutum 4 zama amintattu: yaron da bai kai shekara 18 ba, wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, wanda kotu ta bayyana ya karye da bashi bai fita ba tukuna, da wanda kotu ta kama da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara 5 da suka wuce.

Ƙungiyar gama kai hanyarta dabam ce. Ita a ofishin gama kai na jiha take rajista. Can ma a babban taro ake canza shugabanni, bisa dokokin ƙungiyar. In an gama, a kai wa jami'in gama kai rahoto a rubuce.

Kada a manta da banki. Banki ba ya sanin an yi canji sai an rubuta masa. A kai wasiƙa, da kwafin shawarar taro, da sababbin masu sa hannu. In lambar wayar tsohon ce ke karɓar saƙon asusu, a canza ta. Ya fi kyau a ce sai mutum 2 sun sa hannu kafin kuɗi su fita.

Wa ya kamata a zaɓa?

Ba a ba kura ajiyar nama. Amma gaskiya kaɗai ba ta isa ba, sai da iyawa. A duba mutumin da yake zaune a garin, wanda ƙafarsa za ta iya kai shi gonar. A duba wanda yake da sana'arsa, ba wanda bashi ya yi wa katutu ba. A duba wanda ba ya fushi in an tambaye shi lissafi.

In ya iya karatu da rubutu, boko ko ajami, ya fi. In bai iya ba, a haɗa shi da wanda ya iya. A halin da ake ciki, mutum 2 ko 3 sun fi mutum ɗaya. In ɗaya ya yi nisa, sauran suna nan. A kuma tambayi mutum ko ya yarda kafin a ambaci sunansa. Ba a ɗora wa mutum amana yana barci.

Ranar miƙa amana

Wannan rana ita ce ranar wanka, ba a ɓoyon cibi. Tsohon mai riƙo ya zo, ko magadansa in ya rasu. Sabon ya zo. A kira shaidu adalai aƙalla 2. Ya kyautu liman da mai unguwa ko dagaci su halarta. A samo littafi, a rubuta waɗannan:

1. Gonaki da filaye. A taka ƙafa a zagaya. A rubuta sunan maƙwabcin gabas da yamma da kudu da arewa. A ƙirga itatuwa masu amfani.
2. Dabbobi. A rubuta yawansu, da kamanninsu, da wanda ke kiwonsu.
3. Hatsi. A buɗe rumbu a ƙirga dami ko buhu.
4. Kayan aiki, kamar inji da tiyo da garma. A rubuta mai lafiya da wanda ya lalace.
5. Kuɗi, na hannu da na banki.
6. Bashi, wanda ake bi da wanda ake bin amanar. A rubuta duk gonar da aka ba da aro ko haya, da ranar da za ta dawo.
7. Takardu, da hatimi, da mabuɗai.

Ga misalin lissafi. A ce gonar masallaci ta ba da buhu 30 na shinkafa. Taki da ƙwadago da kuɗin ruwa sun ci buhu 12. Gyaran rufin masallaci ya ci buhu 10. In aka haɗa 12 da 10, 22 ke nan. In aka cire 22 daga 30, saura 8. Sabon mai riƙo ya tarar da buhu 8, ko kuɗinsu. In bai tarar ba, a rubuta haka a gaban shaidu. Kada ya karɓi abin da bai ƙirga ba, don gobe shi za a tambaya.

In an gama, a karanta takardar da ƙarfi kowa ya ji. Sannan a sa hannu ko a dangwala yatsa. A yi kwafi 3: ɗaya ga sabon mai riƙo, ɗaya ga tsohon ko magadansa, ɗaya ga liman ko dagaci. Mai babbar waya ya ɗauki hoton takardar, ya tura wa wani amintacce a wani gari. Gobara da gara da gudun hijira duk suna cin takarda.

Wannan ƙirge ba cin fuska ba ne. Mai gaskiya shi ya fi kowa amfana da shi. Yana wanke sunansa, yana kuma wanke 'ya'yansa bayan ransa.

Darasin Bakolori

Dattawan wannan yanki sun san darajar shaidar gona. An gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki. A filin noman rani kuma manyan injuna suka baje ƙasa, suka tumɓuke itatuwa. Alamun iyaka da aka gada kaka da kakanni suka ɓace. Da aka zo biyan diyya da sake raba gonaki, gardama ta yi yawa. A watan Afrilu na 1980 abin ya kai ga arangama tsakanin manoma da 'yan sanda, aka yi hasarar rayuka masu yawa.

Iyakar da ke cikin kan dattijo tana tafiya tare da shi. Wadda ke jikin itace tana faɗuwa tare da itacen. Gonar amana ta fi kowace gona buƙatar takarda, don mai ita na ainihi sau da yawa ba ya iya tsayawa ya yi magana. Ko ya rasu, ko yaro ne ƙarami.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar riƙon fili a karkara. Mai neman wannan takarda don amana ya lura da sunan da za a rubuta. In ƙungiya tana da rajista, a sa sunan ƙungiya. In ba ta da ita, a nemi a bayyana cewa riƙo ne mutumin yake yi, a faɗi don wa. Takardar da ta fito da sunan mutum tsurarsa, gobe magadansa za su ce tasu ce.

In tsohon ya ƙi sakin amana

Kada a fasa ƙofa. Kada a tare gona da sanda. Wanda ya ɗauki doka a hannunsa yakan mayar da gaskiyarsa laifi.

A fara da sulhu. A je wurin liman da mai unguwa. In bai yiwu ba, a je wurin dagaci, sannan uban ƙasa. Fadar Sarkin Mafara, da ta Sarkin Burmin Bakura, da ta Sarkin Kayan Maradun, duk wuraren sasanta jama'a ne. In an sasanta, a rubuta abin da aka amince.

In sulhu ya gagara, sai kotu. Maganar waƙafi da wasiyya da dukiyar marayu ta kotun shari'ar Musulunci ce. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke Gusau. Sashe na 277 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba wannan kotu ikon duba irin waɗannan al'amura. Rigimar amintattun ƙungiya mai rajista da CAC kuwa Babbar Kotun Tarayya ake kai ta. Ita ma tana zama a Gusau.

Mai zuwa kotu ya tafi da shaidunsa da takardunsa. Ya kuma nemi rasit na duk kuɗin da ya biya.

Aikin da ke gaban masu karatu

Rigakafi ya fi magani. Ba sai mai riƙo ya kwanta ciwo ba za a fara tambaya. Kowace unguwa ta zauna ta lissafa amanonin da ke cikinta. Wa ke riƙe da kowace? Wa ya naɗa shi? Ina takardar? In ya tafi yau, wa zai naɗa wani?

Wanda ya ba da waƙafi, in yana da rai, ya kira shaidu ya rubuta wanda zai biyo bayan nazirinsa. Uban da ke da ƙananan yara ya ambaci wasiyyinsa tun yana da lafiya. Mai riƙon da ya ji ƙarfinsa ya ragu ya faɗa da bakinsa, a nemi wani. Sauka da mutunci ba abin kunya ba ne.

Ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, suna da babban aiki a nan. Wanda ya iya rubuta suna da lamba ya iya rubuta yawan buhu da sunan maƙwabcin gona. Wanda ya iya karatu ya karanta wa ɗan'uwansa takarda kafin ya dangwala yatsa. Malaman aji kuma su sa ɗalibai su gwada rubuta takardar miƙa amana a wannan wata, da lissafin buhu 30 ɗin nan, har hannu ya saba.

Allah ya ba masu riƙon amana ikon sauke nauyin da ke kansu. Amin.